Hancin Mai Algaita

"To gaya mini, yaushe za a kai ka ɗakin mijin?" in ji Kellu.

Mele bai ɗago ba. Yana zaune a kan tabarma a gindin dogonyaro, yana jiƙa ɗan karan bakin algaitarsa a cikin kofin ruwa.

"Wane miji kuma da sassafen nan?"

"Naka mana. Ni dai amare na sani da shan wannan." Ta buɗe tafin hannunta a gaban fuskarsa. Ƙullin leda ne cike da ƙananan fararen ƙwayoyi, irin waɗanda masu tallan magani a kan keke suke sayar wa 'yan mata idan biki ya matso, don wuya ya cika, kumatu su yi luhu-luhu. "A jakar algaita na same su, ƙarƙashin tsumma. In lalle ma kake so ka faɗa, akwai saura a ɗaki."

Ya yi 'yar dariyar yaƙe. Ya miƙa hannu zai karɓa, hannun ya wuce ta gefen nata ya kama iska. Dukansu biyu sun san idonsa ne.

"Zauna, Kellu."

"A tsaye ma ina ji, Maigida."

"Kin tuna ƙwayar da likitan Damagaram ya ba ni kafin a yi mini aiki? Ta 'yan kwanaki, wadda hancina ya buɗe tun ba a sa mini wuƙa ba? Dangin juna ne da wannan. A gidan wani biki na ga ana ba amarya, na ɗanɗana, ɗacin iri ɗaya. Na tambayi mai keke ya ce haka ne."

"Mai keke ya zama likita."

"Kwana uku da fara sha na shigo gidan nan na ce wa ya ƙona miya. Kin tuna?"

Ta tuna. Ranar ta saki ludayi ta zauna a ƙasa tana kuka, don rabon da ya ji warin wani abu ko ƙanshinsa an fi wata shida. Washegari ta soya waina ta raba wa yaran unguwa sadaka, tana gaya wa kowa Allah ya karɓi addu'arta. Ashe ƙullin leda ta yi wa godiya. Wannan ya fi yi mata ciwo a kan ɓoyewar da ya yi.

"Tun kafin daminar bara ke nan," ta ce a hankali. "Ni kuma ina nan ina auna maka tuwo kamar mai rowa, na hana ka shayi, ina ba ka ƙwayar suga safe da yamma, ina mamakin me ya sa randa ba ta kwana da ruwa, me ya sa tururuwa ke bin inda ka yi fitsari."

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a garin Maine ya san abin da ake kiran Mele dominsa. Masu algaita suna da yawa daga nan har Diffa, kuma dukansu sun iya abin da sana'ar take tsaye a kai: kumatu su cika su zama zuga-zugi suna tura iska cikin algaita, hanci yana jawo wata a ɓoye, sauti yana tafiya ba tsayawa. Amma sauran suna gajiya, sautinsu ya yi rawa, su nemi inda ganga ta yi ƙarfi su saci hutu. Mele yakan ɗauko amarya daga bakin ɗakin uwarta, ya ratsa da ita tsakar gida a tafiyar amare da ba ta da sauri, ya jira a yi koke-koken zaure, har ta shiga mota, duk da busa guda. Tsofaffin matan garin, da ba su rasa fassarar da za su ɗora wa abu, suka ce amaryar da Mele ya fitar busarsa ba ta yanke ba, aurenta ba ya yankewa. Malamai sun yi faɗa a kan maganar. Aure da yawa sun mutu duk da haka. Amma ba uwar da ta fasa aika masa da goro.

Da wannan busar ya sami Kellu. A bikin 'yar ƙanwar babanta ne, tana budurwa, an ba ta kaskon turaren wuta ta riƙe a gaban amarya. Ta ɗaga ido ta ga saurayin da ke busa yana kallonta. Daga baya ya gaya mata cewa a ransa ya yi alkawarin ba zai sauke algaitar ba sai ta kau da kai. Ita kuwa ba ta kau da kai ba sai da garwashi ya zamo ya sauka a kan babban yatsanta. Tabon yana nan har yau, ɗan baƙi kamar ƙwayar gero, kuma in suna su biyu yakan nemi wurin da nasa yatsan ba tare da ya duba ba.

Suga ya riga hancin zuwa. Shekara da shekaru suna lallaɓa shi da ƙwaya da ƙaurace wa zaƙi. Sai mura ta zo ta ƙi tafiya, goshi ya yi nauyi, majina mai kauri ta ƙi ƙarewa, daga baya wani nama mai santsi ya tsiro ta ciki ya rufe ƙofofin biyu. Aka kai shi Damagaram aka cire. Ya dawo yana shaƙar iska kamar sabon haihuwa, ya yi busar shekara guda wadda har yanzu ake labarinta. Sannan naman ya dawo, a hankali, kamar ciyawar da aka yanke aka bar saiwarta.

"Tashi ka sa riga," in ji Kellu. Ta ƙulle ledar a bakin lafayarta. "Wurin Majo za mu."

Majo Yero shi ne babban ma'aikacin jinya a ɗakin shan maganin unguwarsu, dogon Bafillace mai furfura a gemu, wanda bai taɓa barin Babarbare ya wuce gabansa bai tsokane shi ba.

"A'a, yau bawana ne da kansa? Dubi fuska kamar wata daren sha huɗu. Ya Kellu, me kike dafa masa haka? Ko kin fara kiwonsa ne na layya?"

"Kai dai ka ji da saniyarka," in ji Mele. "Wanda aka yaye da tsala ina ya san ƙiba."

Kellu ba ta yi dariya ba. Ta kwance bakin lafaya ta nuna masa ledar. Majo ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta a tsakanin yatsu, ya sake duban fuskar da ya gama yi wa ba'a. Kowa a garin ya ɗauka kumatun busa ne suka ƙara girma. Shi ma haka ya ɗauka.

Ya soki yatsan Mele, ya ɗiga jinin a bakin 'yar na'urar awo, ya jira. Ya daɗe yana kallonta.

"Nawa ta ce?" in ji Kellu.

"Ba ta ce komai ba. Ta ƙi ƙirgawa. In abin ya wuce iyakarta haka take yi." Ya jawo kujera ya zauna daf da Mele, ya rage murya. "Ba ƙarya ka yi ba, ƙwayar nan tana sa tsiron ya motse. Shi ya sa likita ya ba ka irinta, na kwana kaɗan, yana lura da kai. Amma suga take zubawa a jini. Wadda nake ba ka tana kwashewa da cokali, wannan tana zubawa da ƙwarya. Kuma in suga ya yi yawa ciwo ba ya warkewa, ruɓar da ke cikin hancin ba ta ƙarewa, tsiron ya sami taki. Sai ka ƙara ƙwaya. Ka ga igiyar da ka ɗaure kanka da ita?"

Ya haska masa ido da 'yar fitila, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga yatsu daga bakin ƙofa ya ce ya faɗi ko nawa ne. Mele ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne. Majo bai matsa ba.

"Me za a yi?" in ji Kellu.

"A sauko da sugan. Allura zai koma, kullum. Ƙwayar kuma ba a yanke ta rana ɗaya, jiki ya saba, yana iya faɗuwa. Ni zan riƙa ba shi ta nan ina ragewa har ta ƙare. Waccan ta mai keke ki zubar. In jini ya daidaita sai a koma Damagaram, su duba idon, su ga ko za su sake aikin hancin."

"In an sake, ya tafi ke nan?" in ji Mele.

Majo ya shafa gemu. "Da wani ne sai in ce masa in Allah ya so, in sallame shi. Kai ba zan yi maka haka ba. Naka mai naci ne. Yana iya dawowa."

"Kafin nan fa? Tsakanin yau da Damagaram?"

"Zai toshe. Akwai na fesawa, akwai wanki da ruwan gishiri, suna taimakawa. Amma yadda naka ya cika, zai toshe."

"Idon?"

"Yanar da ta hau sama ana cirewa. Abin da suga ya ci ta baya ba ya dawowa. Wanda ya rage muke so mu tsare. Kuma ba ido kaɗai yake ci ba, Mele. Akwai ƙoda, akwai ƙafa."

Mele ya murza hularsa a kan gwiwa. Can ya ce, kamar mai ba da labarin wani, "Makaho yana busa algaita, Majo. Mai toshen hanci ba ya yi."

"Ka sake faɗin wannan," in ji Kellu, "in tattara in tafi gidanmu, ka nemi mai ja maka sanda."

Majo ya so ya mayar da abin wasa. Ya ce dama Barebari ba su da kai, hanci kawai Allah ya ba su, shi ma ga yadda ya ƙare. Ba wanda ya taya shi.

Kellu ta riƙe maganar Majo kamar karatun sallah. Ta koyi yin allura a fatar ciki. Ta haƙa rami a jiƙaƙƙen yashin gindin randa ta binne kwalbar maganin don kada zafi ya lalata shi. Ta rage burabusko ta ƙara ganye, ta dafa ruwan gishiri tana tace shi da farin ƙyalle. Duk ranar kasuwa ta raka shi awo. Na'urar ta fara ƙirgawa, sannan ta fara faɗin abin da yake sa Majo gyaɗa kai. Ƙishirwa ta ragu. Fuskar ta saɓe, ƙasusuwan da ta sani suka fito.

Hancin kuma ya rufe. Na hagu ya fara, na dama ya bi. Muryarsa ta koma ta mai magana daga cikin tulu. Yana barci baki buɗe, ya farka harshe ya bushe kamar fata. Abinci ya zama abu mai zafi ko mai sanyi kawai. Wata rana ta yi wanka ta shafa humrar da ta ajiye tun ta aurensu tana ƙara mata haɗi, ta zo ta zauna kusa da shi har kafaɗarsu na taɓa juna. Ya juyo ya tambaye ta ko an ba awaki ruwa.

Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi. Da ya yi ma da ta fi samun sauƙi. Yakan miƙa mata ciki ta yi allura, ya ce an gode, ya koma gindin dogonyaro ya zauna har inuwa ta bar shi, ba ya matsawa sai ta ce ya matsa. Algaita tana rataye a jakarta. Sau ɗaya ta dawo daga makwabta ta jiyo sautinta daga zaure, guntu-guntu, kamar kukan ɗan akuya da aka ɗaure. Ta tsaya a wajen har ya daina, sannan ta yi sallama da ƙarfi. Idon kuwa bai ƙaru da komai ba. Ya dai tsaya inda yake.

Ana cikin haka Kolo ya zo. Kolo mai ganga ne, tare suka taso, tare suke zuwa kowane biki tun ba su da gemu. Ya tsuguna ya ajiye ƙullin goro a kan tabarma.

"Ya Kellu, kin mayar mini da aboki bazawara mai takaba. Ko leƙo ƙofa ba ya yi."

"Kai ma da za ka yi takabar da matanka sun huta," ta ce. "Goron wa?"

"Hajiya Gaptiya. Jikarta za a kai ranar Lahadi." Ya sosa ƙeya. "Na gaya mata ba ya jin daɗi. Na ce akwai yaron nan mai algaita na Gudumariya, hannunsa ba laifi. Ta ce 'ya'yanta mata duka Mele ya fitar, ba wadda ta dawo mata da akwati, ba za ta fara gwaji a kan marainiya ba. Har ta yi kuka, wallahi."

"Ka ce mata ina zuwa," in ji Mele.

Bayan Kolo ya fita ya kira ta ɗaki. Bai taɓa roƙonta wani abu ba tun da aka kawo ta gidan, sai ranar.

"Ƙwayar nan, ta kwana uku kawai, Kellu. Daga ita shi ke nan. In fitar da yarinyar nan in rataye."

"Na zubar."

"Kellu."

"Na ce na zubar a masai. In ka aika wurin mai keke kuma zan sani, garin nan ba shi da girma." Ta fita da sauri don kada ya ji yadda numfashinta yake.

Ya shiga wankin hanci ba ƙaƙƙautawa. Ya yi turiri da ruwan zafi, ya fesa na fesawa har kwalba ta kusa ƙarewa. Ranar Lahadi da hantsi ya ce yana jin wata 'yar iska kamar zare tana wucewa ta dama, in ya karkata kai. Ya ce za ta isa. Ya sa babbar rigarsa mai ruwan bula, wadda yanzu ta yi masa yawa.

Bayan la'asar gidan Hajiya Gaptiya ya cika. Kellu tana cikin mata a gefen rumfa, inda take iya ganinsa. Hayaƙin turare ya tokare tsakar gida, lafaya kala-kala sai ƙyalli suke. Kolo ya buɗe da ganga. Aka ɗaga labule, amarya ta fito a lulluɓe, gwaggonninta na riƙe da ita. Mele ya kafa algaita a baki, kumatunsa suka cika, sautin ya tashi.

Na ɗan lokaci Kellu ta manta da komai. Sautin nan ne dai, siriri mai kaifi, wanda yake shiga ta kunne ya sauka a ciki. Mata suka saki guɗa. Hajiya Gaptiya ta ɗaga hannu tana juyi a hankali irin na manya. Amarya ta yi taku, ta ƙara.

Kellu ce ta fara ganin abin. Ya karkata kai dama. Ya ƙara karkatawa. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, kumatun suna raguwa ba abin da ke cika su, fatar fuskarsa ta yi duhu. Yana jan hanci, tana ganin ƙofofin suna manne wa juna. Ya riƙe fiye da yadda ɗan Adam ya kamata ya riƙe. Amarya na tsakiyar gida, daidai wurin turmi, bakinsa ya buɗe da kansa ya haɗiyi iska da wata ƙara mai muni, algaitar ta yi ɗan kuka ta mutu.

Kolo ya ƙara wa ganga ƙarfi don ya rufe, amma guɗa ta riga ta tsaya. Amarya ma ta tsaya. Daga ƙarƙashin lulluɓi aka ji ta fashe da wani kuka wanda ba irin na al'ada ba.

"A mayar da ita ɗaki," in ji wata tsohuwa. "A sake. Ba a ƙirga wannan ba."

Aka juya da yarinyar, aka sake sauke labule, aka sake ɗagawa. Da a ce wani ya zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan alfarmar. Ya goge baki, ya sake kafawa. Wannan karon ko rumfa ba ta kai ba.

Ba wanda ya yi masa dariya. Hajiya Gaptiya ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen lafaya. Wani saurayi daga dangin ango ya ruga ya kunna na'urar kiɗa, lasifika ta cika gidan, aka fitar da amarya cikin gaggawa kamar ana gudun ruwan sama. Mele yana tsaye inda yake, algaita a hannu, mutane suna kauce masa ta dama da hagu. Kolo ya ajiye ganga zai nufo shi, Kellu ta girgiza masa kai. Ta ratsa maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kama hannun rigar mijinta ta ja shi waje.

Ba su bi ta kasuwa ba. Suka zaga ta bayan gari, inda ake shanyar tattasai. Fili guda ya yi ja wur har bakin dabinai, masu juya shanya sun ɗaure hanci da ƙyalle suna ta atishawa. Kellu ma ta yi, idonta ya kawo ruwa, ta ji daɗin samun abin da za ta ɗora wa laifi. Shi ko gezau. A bakin wani kwazazzabo ya kusa zurmawa, ta riƙe shi. Ya ce ta bar shi ya zauna. Suka zauna a kan wani kututturen giginya.

"Ja nake gani," ya ce. "Kamar an shafa a bango. Tattasai ne ko?"

"Shi ne."

"A da daga zaure nake sanin an fara shanya." Ya ɗora jakar algaitar a kan cinyarta. "Ki ba Kolo. Ya kai wa yaron Gudumariya. Karan bakin sabo ne, ki ce ya jiƙa kafin ya sa."

"Kai fa?"

"Ni ai na warke. Ba ki ji Majo ba? Jinina ya yi kyau." Bai faɗa da gatse ba, kuma wannan ne ya karya ta. "Za mu je Damagaram su kankare, in yi wata nawa ne, ya dawo. Ko ba a gaya mini ba na sani, a jikina yake. Kuma wace uwa za ta sake aiko mini da goro tana jiran ta ga ko yau hancin ya yarda? Ba komai. Zan zauna. Na iya zama yanzu."

Ta dube shi. Ta yi wata da watanni tana tsaron mutumin nan daga mutuwa, tana auna masa loma, tana tashi duba kwalba a gindin randa, kuma ta yi nasara: ga shi nan zaune da rai, jininsa ya yi kyau. Sai dai ba ta san shi ba. Wani baƙo ne mai ladabi da yake kwana a ɗakinta yana ce mata an gode. Wanda ta ƙona yatsa dominsa ta gan shi yau, na ɗan lokacin da amarya ta yi daga labule zuwa turmi, ya leƙo ya koma.

Ta jawo bakin lafayarta ta fara kwance ƙulli. Ya ƙi kwantuwa don ya daɗe a ɗaure, sai da ta sa haƙori. Ta kamo hannunsa ta sa masa ledar a tafi. Ya shafa, ya gane.

"Kin ce kin zubar."

"Na je bakin masai ya fi a ƙirga. Kullum in dawo da ita."

Ya daɗe yana juya ta. "Kin ji abin da ya ce. Ba ido kaɗai ba."

"Ina wurin."

"In na koma mata, ba a daɗe ba zan daina ganinki. Bayan nan kuma sauran su biyo."

"Ka gan ni ai. Tun ina da abin gani ka gan ni. Ka riƙe waccan, ta fi wannan." Ta so ta yi murmushi, bai yiwu ba. "Ni ce zan ga abin da zai biyo. Kai ba ruwanka."

"Kin ce za ki tafi gidanku."

"Wa ya rage a gidanmu?"

Babban yatsansa ya lalubo nata, ya sami tabon, ya tsaya a kai. Daga cikin gari ana jiyo lasifikar gidan biki da hon ɗin motocin kai amarya. Ta san abin da take yi. Ba ta yaudari kanta da cewa ta kwana uku ce ba, ko cewa allura za ta rinjayi ƙwarya. Ta san ranar tana zuwa da za ta wanke masa ƙafar da ba ta warkewa, ta san Majo Yero zai dube ta ya rasa ba'ar da zai yi, kuma shi ne mai gaskiya. Ta karɓe ledar daga hannunsa ta mayar bakin lafaya, ta ɗaure da ƙulli mai sauƙin kwancewa. Ta ɗauki jakar algaitar ta rataya masa a kafaɗa, ta gyara masa wuyan riga.

"Ba za a kai wa kowa ita ba," ta ce. "Kuma ba za ka ƙara sha a ɓoye kamar ɓarawo ba. Ni zan riƙa ba ka da hannuna, da allurar duka, daga gobe bayan sallar asuba. In rana ta fito in je in gaya wa Majo da bakina. Ranar da idon ya ƙare kuma, ba yaron da zai ja maka sanda. Ni zan kai ka kowane biki, in tsaya kusa da kai har ka sauke."